Sanƙarau: Awon Jinin Yatsa Ba Ya Ganinsa

Ƴan'uwa manoma na Gidan Sori da kewaye, hatsi ya shiga rumbu, hunturu ya zo da ƙura. To, lokacin sanƙarau ke nan. Daga watan Janairu yake tasowa, ya yi ƙarfi cikin zafin Maris da Afrilu, ba ya lafawa sai ruwan sama ya sauka. A shekarar 2015 mutum wajen 8,500 suka kamu a Nijar, fiye da 500 suka rasu.

Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Suna zaune a hanci da maƙogwaro, suna bin tari da atishawa, balle in mutane sun cika ɗaki guda. In suka shiga jini, sai su kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka.

Ga inda jama'a ke ruɗewa. Yaro ya yi masassara, an kai shi likita, an huda yatsa an auna jini. Wannan awon na masassarar cizon sauro ne kaɗai. Ko ya nuna akwai, ko ya nuna babu, bai ce komi ba a kan sanƙarau, kuma yaro na iya ɗauke da su biyun lokaci guda. A babban asibiti akan ɗebi jini cikin kwalba a jira ƙwayar ta tsiro, amma wannan sai an kwana biyu ko fiye. Mai sanƙarau kuwa yana iya rasuwa cikin kwana guda.

Kun san in hatsi ya yi yaushi, ganye ba ya faɗin dalili, sai an tsaga kara ake ganin tsutsa. Haka nan a nan, ruwan baya ke faɗin gaskiya. Likita yakan sa allura a ƙasan gadon baya, ya ɗebi ruwa kaɗan. Na mai lafiya garau yake. Na mai sanƙarau yakan fito da duhu-duhu kamar ƙasari. Wasu iyaye suna hanawa, wai allurar tana gurgunta yaro. Ba haka ba ne: ƙasa da inda laka ta ƙare ake sokawa. Ciwon ne ke kurmantarwa da naƙasarwa in an makara. Ana aika ruwan CERMES a Yamai don a san irin ƙwayar, amma ba a jiran amsa, nan take ake fara allurar ceftriaxone.

Yaushe za a ɗauki marar lafiya? In masassara ta zo farat ɗaya da ciwon kai mai tsanani da amai, wuya ya sanƙare har haɓa ba ta taɓa ƙirji, ko yana gudun haske, yana sambatu, yana suma. Jariri kuwa wuyansa ba lalle ya sanƙare ba. Ku dubi maɗiga ko ta kumbura, ko ya ƙi nono, yana kuka ba ya rarrasuwa, ko yana fizge-fizge. Kada a tsaya ƙaho ko tsaga, kada a sayi ƙwaya a tebur, kada a ce sai gari ya waye.

Ko an yi wa yaro rigakafi, a kai shi. Allurar da aka fara a 2010 ta iri guda ce, wanda ake kira A, annobar 2015 kuwa irin C ne ya kawo ta. Mai tare iri biyar sai a 2024 aka fara yin ta a Nijar. Ku ɗora shi a babur ko amalanke zuwa likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura ku Gidan Rumji ko Maraɗi.