Mene ne ɗaukar doka a hannu?

Shi ne jama'a su hukunta wanda ake zargi tun alƙali bai saurare shi ba. Da an yi ihun an lalata yarinya, sai sanduna su fito, domin mutane sun gaji da ɗage shari'a. A Janairun 2022 fusatattu sun ƙona makarantar malamin da ya kashe ɗalibarsa Hanifa a Kano, amma kotu ce ta yanke masa hukuncin kisa a Yuli.

Wa ke cutuwa? Marar laifi, da yarinyar kanta, don hujja salwanta take yi. Alhali akwai doka: a Jigawa, wata dokar 2021 ta tanadi kisa ga wanda ya yi wa 'yar ƙasa da shekara 10 fyaɗe. Iyaye, in an lalata yarinya, ku fara kai ta asibiti, sannan wajen 'yan sanda.