Kashe Mutum Daga Nesa: Me Doka Ta Ce?

A daren 3 ga Janairu 2020, jirgin Amurka marar matuƙi ya harba makamai kan ayarin motocin da ke barin filin jirgin saman Bagadaza. Janar Ƙasim Sulaimani na Iran ya mutu nan take. Gwamnatin Trump ta ce kare kai ta yi.

Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana ƙasa amfani da ƙarfi a cikin wata ƙasa. Sashe na 51 ne ya buɗe ƙofar kare kai idan an kawo hari, wasu masana kuma suka haɗa da harin da ke gab da aukuwa. Agnes Callamard, mai bincike ta Majalisar a wancan lokacin, ta ce kisan ya saɓa wa doka, domin Amurka ba ta nuna hujjar irin wannan barazanar ba.

Akwai kuma batun adalci. Wanda aka nufa ba ya zuwa gaban alƙali, bayanan leƙen asiri ne kawai ke yanke masa hukunci. Idan bayanan suka yi kuskure fa? A Agustan 2021 harin Amurka a Kabul ya kashe fararen hula 10, bakwai daga cikinsu yara.