Zaɓen Zubin Haruffa Domin Allon Shago: Matsayin Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Jos ko hanyar Makurdi a garin Lafia zai ga allunan shaguna birjik, wasu da Ingilishi, wasu da Hausa. A cikin na Hausa, da wuya ka ga wanda aka rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda ya kamata. Sai ka ga "Masaukin Baki" maimakon "Masaukin Baƙi", ko "Dinki" maimakon "Ɗinki". Galibi ana ɗora laifin a kan rashin sanin ƙa'idojin rubutu, amma akwai wani dalilin kuma, wato zubin haruffan da aka zaɓa a kwamfuta. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake zaɓen zubin haruffa da yadda ake gwada shi, bisa abin da na koya lokacin da yayata ta nemi in taimaka mata da allon shagonta na ɗinki.

Mene Ne Zubin Haruffa?

Zubin haruffa shi ne siffar da mai zane ya ba kowane harafi da kowace lamba, ta yadda za su dace da juna. Iri biyu ne manya. Akwai na karatu, irin su Times New Roman, waɗanda aka yi domin dogon rubutu. Akwai kuma na ado, masu kauri ko ƙawa, da aka yi domin kanun labari da alluna, irin su Cooper Black na 1922 da Impact na 1965. Mai ƙaramar sana'a na biyun yake buƙata, domin da shi za a rubuta sunansa a allo da rasit da leda, har mutane su riƙa gane shi tun daga nesa.

Tushen Matsalar

Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko sun nuna waɗannan sautuka ta hanyoyi dabam-dabam. Wasu sun sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu sun sa alama a gefensa, kafin baƙaƙe masu ƙugiya su samu karɓuwa a shekarun 1930. Amma injinan dab'i da tafireta daga Turai ake kawo su, kuma ba domin Hausa aka ƙera su ba. Wannan ya sa a shekarun 1980 aka yi aikin samar da haruffa na bai-ɗaya domin harsunan Nijeriya, bisa shawarar Farfesa Kay Williamson, tare da gudummawar Hermann Zapf, Bajamushen da ya zana Palatino.

Da tsarin Unicode ya fito a 1991, kowane harafinmu ya samu lambarsa, sai dai ba a rukuni ɗaya aka zuba su ba. Manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ da ƙaramin ƙ suna cikin wani rukuni na ƙarin haruffan boko, su kuwa ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin ilimin furuci. Mai zanen da ya yi zubinsa domin harsunan Turai kawai galibi ba ya kaiwa ga waɗannan haruffa. Idan aka buga harafin da babu shi, kwamfuta takan nuna ɗan akwati, ko ta aro shi daga wani zubin, ya fito siriri a tsakanin masu kauri. Daga nan sai mai buga allo ya cire ƙugiyar ya huta.

Matakan Gwaji

Mun fara da zubi huɗu: Cooper Black da Impact da Charis SIL da Noto Sans.

Gwaji na farko shi ne na cikar haruffa. Na buga wannan layi da kowane zubi: "Ƙanƙara, Ɗanwake, Ɓawo, ɗinki, ɓaure, 'ya'ya, ₦1,500". Layin ya ƙunshi manya da ƙananan masu ƙugiya, da alamar 'y, da alamar naira, wadda ita ma zubi da yawa ba su da ita duk da cewa tun 1973 muke kashe naira. Cooper Black da Impact da ke cikin kwamfutar da muka yi aiki da ita sun faɗi a nan. Sauran biyun sun haye, domin an yi su ne da niyyar ɗaukar harsuna masu yawa.

Na biyu shi ne gwajin nisa. Masu rubutun allo suna da ƙiyasin cewa kowace ƙafa 10 ta nisa tana buƙatar inci 1 na tsawon harafi. Daga shagon zuwa tsallaken titi kimanin ƙafa 60 ne, saboda haka muka buga kalmar "Ɗinki" da tsawon inci 6, muka manna a bango, muka tsallaka muka duba. Abin lura a nan shi ne ko ƙugiyar tana fitowa fili, domin idan kaurin harafi ya yi yawa takan toshe, Ɗ ya koma kamar D.

Na uku shi ne gwajin ƙanƙanta. Sunan da ke kan allo shi ne zai hau hatimi da ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a wuyan riga. A nan siraran wutsiyoyin Charis SIL suka fara cuɗewa, shi kuwa Noto Sans mai kauri ya tsaya daram, shi muka ɗauka.

Na huɗu shi ne gwajin masu karatu. Lafia gari ne na Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Hausawa da sauransu, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa. Da yawa daga cikinmu da ba da Hausa muka buɗe baki ba, "kaya" da "ƙaya" ɗaya muke furta su har sai mun gan su a rubuce. Don haka muka nuna samfurin ga mutane masu harsuna dabam-dabam, muka saurari yadda suka karanta.

Daga ƙarshe, a duba lasisi. Charis SIL da Noto Sans kyauta ne, kuma an halatta yin kasuwanci da su. Haka kuma, kafin a kai aiki wurin bugawa, a mayar da rubutun zane a cikin CorelDRAW, domin kada wata kwamfutar da ba ta da zubin ta musanya shi.

Kammalawa

Kuɗin allo ba ƙarami ba ne a wurin mai ƙaramin jari, kuma in an kafa shi sai ya shekara da shekaru yara suna koyon karatu da shi. Kira na ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa shi ne, mu riƙa duba aikin iyayenmu da maƙwabtanmu kafin a buga, mu kuma nuna wa masu buga alluna zubin da ke ɗauke da haruffanmu. Gyaran ƙugiya a kwamfuta minti ɗaya ne, amma bayan an buga sai an sake biyan kuɗin allo.