Kafin ka miƙa wa wakilin AI kayan aiki, duba abin da aka rubuta a kansu

Yau maganarmu ta shafi matasa masu haɗa manhaja ne, musamman waɗanda suka fara barin AI yana yi musu aiki da kansa.

Bari mu fara da bambanci. Akwai AI da kake yi wa tambaya ya ba ka amsa. Akwai kuma wanda ake kira wakili: shi za ka ce masa "yi min kaza", sai ya je ya ɗauko kayan aiki, ya buɗe fayil, ya nemo bayanai, ya aiwatar. Yawancin kayan aikin nan suna ajiye ne a GitHub, rumbun manhajojin da aka buɗe a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018. Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP a Nuwamban 2024, haɗa wakili da irin waɗannan kayan ya ƙara sauƙi. A wannan tsarin, kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da bayanin abin da yake yi, da jerin abin da za a shigar masa. Wannan rubutun shi wakilin yake karantawa ya yanke shawara.

To ga inda gizo ke saƙar. Ɗan Adam idan bai gane ba zai tambayi abokinsa. Wakili kuwa sau da yawa sai ya cike gurbin da hasashe, ya ci gaba da aiki kamar ya sani.

Mu kawo abin gida. Ka ɗauka wani matashi a Kura yana son haɗa manhajar da za ta gaya wa manoman rani yawan ruwan da shinkafa ko tumatir ke buƙata. Ruwan nan daga madatsar Tiga yake zuwa ta hanyoyin ruwan da Hukumar Kogunan Hadejia da Jama'are ke kula da su, ya ratsa Bunkure, Kura da Garun Malam, kuma rabo ake yi. Idan lissafin ya karkace, ko dai shuka ta sha ƙishi, ko a kwarara ruwan da na ƙasa da kai yake jira.

Ga tambayoyi biyar da zai yi wa bayanin kowane kayan aiki.

Ta farko: an faɗi ma'auni? Idan an rubuta "girman gona" kawai, hekta ake nufi ko eka? Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Ruwan sama fa, milimita ne ko inci? Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Kada ka raina wannan. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin Amurka, ɗayan kuma da na mita.

Ta biyu: an faɗi tsarin da za a jera bayanai? Kura tana wajen digiri 11.8 arewa, 8.4 gabas. Wasu kayan aikin lambar arewa suke so a fara sakawa, amma tsarin GeoJSON da ta gabas yake farawa. Idan wakili ya juya su, zai kwaso maka yanayin can kusa da Ganye a Jihar Adamawa, inda ruwan sama ya fi na Kano. Kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito, domin duka wuraren suna nan a taswira.

Ta uku: akwai misalin da yake aiki? Buɗe fayil ɗin README, ka kwafi misalin, ka gwada da hannunka. Idan ya ƙi, alama ce an canza manhajar an bar rubutun a baya. Duba ranar da aka taɓa rumbun na ƙarshe, ka kuma leƙa sashen ƙorafe-ƙorafe ka ga ko ana amsawa.

Ta huɗu: an faɗi abin da zai iya lalatawa? Bayani mai kyau yana rarrabe umarnin da karatu kawai yake yi da wanda yake gogewa ko tura saƙo. A Yulin 2025 wakilin AI na kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan wani mai amfani da shi duk da an hana shi taɓawa. Ka ɗauka sunayen 'yan ƙungiyar masu amfani da ruwa ne da kuɗin da suka biya.

Ta biyar: an faɗi iyakarsa? Sau nawa za a iya kiran sa a rana, me yake mayarwa idan intanet ya yanke, wane lasisi ne a kansa? Rumbun da ba shi da lasisi, a doka ba a ba ka izinin ɗauka ka yi kasuwanci da shi ba, ko da kowa na iya ganinsa.

Ƙari ɗaya: karanta bayanin kayan aikin da idonka kafin ka haɗa. Masu bincike sun nuna ana iya ɓoye umarni a cikinsa, wakili ya karanta ya bi, ya fitar da sirrinka. Yawan taurarin da rumbu ya samu a GitHub shahara yake nunawa, ba ya tabbatar da aminci.

Idan kai ne mai rubuta kayan aikin, ga gwaji mai sauƙi: ba wani abokinka da bai san aikin ba bayanin, ka yi shiru. Duk inda ya tsaya ya tambaye ka, nan ne wakili zai yi hasashe. Koma ka rubuta amsar a wurin.

Wane rumbu kuka taɓa ɗauka bayaninsa ya ba ku wahala? Ku gaya mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.