Abin da ya kamata ku sani game da giyar mota mai kuloci biyu

Dillali ya ce muku motar otomatik ce, kun leƙa ƙasa kuma ba ku ga komai ba sai birki da totur. Gaskiya ya faɗa, amma otomatik kala-kala ce. Idan kun ga an rubuta DSG a motar Volkswagen, ko PDK a Porsche, ko DCT a Hyundai da Kia, to giya ce mai kuloci biyu, kuma tafiyarta ta bambanta da otomatik ɗin da aka saba da ita.

Mece ce ita?

Kuloci shi ne faifan da ke haɗa inji da giya, ya kuma raba su. A motar manuwal, direba ne ke taka shi kafin ya sauya giya. A tsohuwar otomatik kuwa, mai ne ke juyawa a cikin wani kasko yana kai ƙarfin inji ga giya, shi ya sa take tashi a hankali cikin laushi.

Mai kuloci biyu a cikinta manuwal ce. Haƙoran giya irin na manuwal gare ta, da kuloci na gaske har guda biyu. Abin da aka cire kawai shi ne ƙafar direba, aka ba kwamfuta aikin.

Wani injiniyan Faransa, Adolphe Kégresse, shi ya tsara dabarar a shekarun 1930. Porsche ta gwada ta a motocin tsere a shekarun 1980, sannan Volkswagen ta fito da ita kasuwa a 2003 cikin Golf R32.

Yaya take aiki?

An raba giyoyin gida biyu. Kuloci ɗaya yana riƙe da giya ta 1, ta 3 da ta 5, ɗayan kuma yana riƙe da ta 2, ta 4 da ta 6. Kowanne da sandarsa ta ƙarfe, ɗaya tana da rami ɗayar ta ratsa ta cikinta.

Yayin da kuke tafiya a giya ta 3, kwamfuta ta riga ta saka ta 4 a ɗaya ɓangaren, tana jira. Lokacin sauyi na yi, kulocin farko ya saki, na biyu ya kama. Kamar lugude ne: taɓarya ɗaya na tashi, ɗayar na sauka, turmi ba ya zama shiru. Shi ya sa ƙarfin inji ba ya yankewa, kuma sauyin ya fi na hannun kowane direba sauri.

Kwamfutar hasashe take yi, daga gudunku da yadda kuka taka totur. Idan ta shirya giya ta sama, ku kuma kuka danna totur don wuce wata mota, dole ta koma ta nemo ta ƙasa. Nan ne za ku ji ɗan jinkiri.

Yaya ake jin ta a tuƙi?

A buɗaɗɗiyar hanya daɗinta ba ya misaltuwa. Giya na shiga ba tare da motar ta yi tsam ba, kuma yawanci ba ta shan mai kamar tsohuwar otomatik.

A cunkoso ne halinta ke fitowa. Kuna iya jin ta yi ɗan jim kafin ta tashi, ko ta ɗan girgiza, ko ta ɗan zame baya a kan tudu. Kaɗan daga wannan ba lalacewa ba ce, kuloci ne ke neman kamawa. Amma idan kuka riƙa jan ta a hankali ƙafa rabi a kan birki, daidai yake da direban manuwal da ya bar ƙafarsa a kan kuloci: faifan zai yi zafi ya cinye. Ku taka birki sosai, ku bari ta gaba ta ba da fili, sannan ku matsa. A kan tudu ma birki ake riƙe ta da shi, ba totur ba.

Duk iri ɗaya ne?

A'a, kuma a ganina wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci ga mai saye. Akwai jiƙaƙƙen kuloci, wanda ke cikin mai, man yana sanyaya shi. Akwai busasshe, wanda iska kawai ke sanyaya shi. Ya fi araha, amma ba ya jure zafi da cunkoso. Busasshe aka saka a Ford Fiesta daga 2011 da Focus daga 2012 da sunan PowerShift, kuma ƙorafin girgiza ya kai masu motocin kotu a Amurka. Irin waɗannan motoci suna shigowa kasuwanninmu a matsayin tokumbo, ga kuma zafin rana irin namu.

Nawa take ci?

Gyaranta ya fi na manuwal tsada, musamman idan akwatin kwamfutar da ke sarrafa kulocin ya lalace. Ba kowane makaniki ya san ta ba, sai mai na'urar duba mota. Jiƙaƙƙiyar tana da manta na musamman; Volkswagen ta ce a sauya na DSG mai giya 6 duk kilomita 60,000. Kada a zuba mata man otomatik na gama-gari.

Kafin ku biya kuɗi, ku tambaya jiƙaƙƙiya ce ko busasshiya. Ku tuƙa ta har inji ya yi zafi, ku shiga da ita cunkoso, ku gwada ribas. Idan tana karkarwa duk lokacin da za ta tashi, ku nemi wata.