Haƙƙin Kare Mai Ƙazuwa A Kan Mai Shi

 

Duk wanda ya san ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ya san kare yana da aikin yi a cikinta. Shi ne mai gadin fadamar rake da lambun tumatir da dare, shi ne ke bin Bafillace da garkensa, shi ne kuma ke gaban mafarauta idan rani ya yi. Amma da zarar ƙazuwa ta kama shi, gashinsa ya zube, fatarsa ta yi gyambo saboda susa, sai ka ga mai shi ya kore shi daga ƙofar gida, yara kuma su bi shi da jifa. Waɗansu suna ganin taɓa irin wannan kare ƙazanta ce wadda ba ta dace da mai salla ba. To, lalle wannan fahimta tana bukatar gyara.

Shari'a ba ta saki al'amarin kiwon kare sakaka ba. Hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito sun yi rangwame ga karen farauta da na tsaron dabbobi da na gona, sun kuma nuna cewa wanda ya ajiye kare ba da wata bukata ba, ladansa yana raguwa kowace rana. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo idan an ambaci sunan Allah. Game da karen gadin gida kuwa, malaman Malikiyya suna ba da labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala, cewa ya ajiye kare a gidansa sa'ad da katangarsa ta faɗi tsoro kuma ya yawaita. Ke nan yawancin karnukan ƙauyukanmu a kan izni ake riƙe da su. Wanda kuwa ya riƙe dabba ya ci moriyarta, cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyansa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, ya ruwaito ƙissar mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a cikin huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a cikin kyautata wa dabbobi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tabbatar musu da cewa akwai lada a kan kowane mai rai. An kuma ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa. Ka lura, mai karatu, wancan kare ba na mutumin ba ne, a hanya ya gamu da shi. Ina ga karen da ya shekara biyar yana kwana a bakin garkenka?

Sai batun tsarki, wanda shi ne ke ɗaure wa mutane kai. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta mafi yawan mutanen ƙasar nan, duk abu mai rai tsarkakakke ne, shi da yawunsa da guminsa, har da kare. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sa baki a ciki, Malikiyya sun ɗauke shi bin umarni ne na ibada. Shafi'iyya kuwa suna ganin kare najasa ne, sai a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Abin da yake najasa ba shakka shi ne mugunya da jinin da ke kwarara daga gyambo, su kuwa ruwa yana gusar da su. Saboda haka a kowace mazhaba hukuncin bai wuce wanki ba, babu wadda ta ce a bar dabba ta ruɓe da rai.

Mene ne ke kawo wannan ƙaiƙayi? Mafi yawa ƙazuwa ce. Wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi wanda sai da madubin likita ake ganinsa, macen takan haƙa rami a cikin fata ta zuba ƙwai, cikin mako biyu zuwa uku kuma 'ya'yan sun isa su yi nasu. Takan fara daga gefen kunnuwa da gwiwoyi da ciki. Tana bin karnuka daga wannan zuwa wancan, musamman a taron farauta, tana kuma iya fesa wa mutum ƙuraje masu ƙaiƙayi, balle yaran da ke wasa da kwikwiyo. Ban da ita akwai ƙuma da kaska, da ƙudan da ke cin bakin kunnuwa har su yi jini. Da damina akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai inuwa wadda fitsari ko kashi ya taɓa, tsutsarsa ta huda fatar kwikwiyo ta yi kumburi mai ƙaramar kafa kamar maruru.

Tun da cututtukan sun bambanta, maganinsu ma ya bambanta, don haka matakin farko shi ne a nuna wa malamin dabbobi. Mutanen wannan yanki sun yi sa'a, domin Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, Zariya. A can akan kankaro fata kaɗan a duba, a gane ainihin abin. Idan ƙazuwa ce, maganin da aka fi samu shi ne allurar ibamektin, wadda makiyaya suka sani da sunan Ivomec. A shekarar 1981 aka fara sayar da ita domin dabbobi, masu gano ta kuma, William Campbell da Satoshi Omura, sun sami kyautar Nobel a 2015. Bisa nauyin kare ake auna ta, akan maimaita bayan mako biyu, domin allurar farko ba ta kashe ƙwai. Wuce ƙima yana iya kashe kare, musamman jaririn kwikwiyo da waɗansu karnukan Turai, saboda haka kada makiyayi ya auna masa da sirinjin sa. Akwai kuma maganin wanka, da ƙwayoyin taunawa irin su Bravecto da NexGard ga mai hali.

Abin da ya rage aikin mai gida ne. A aske gashin da ke kewaye da gyambon, a wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. A ƙone tsumman da karen ke kwana a kai, a share makwancinsa. A yi wa dukan karnukan gidan magani lokaci ɗaya, ko da ɗaya ne ke susa. A ƙosar da shi, domin ramammen kare ba ya saurin warkewa. Tsutsa kuwa, a toshe kafarta da basilin, idan ta leƙo neman iska a matso ta a hankali. Mai jinyar ya rufe hannunsa da safar roba ko leda, ya wanke da sabulu bayan ya gama.

Akwai abin da ya wajaba a daina, watau shafa wa kare baƙin mai na inji, ko kananzir, ko fiya-fiya da maganin feshin gona. Waɗannan suna ƙona fatar da ta riga ta tsage, karen kuma ya lashe su gubar ta shiga cikinsa. Mai yin haka yana nufin alheri, amma azaba ya ƙara wa dabba, Musulunci kuwa ya hana cutarwa.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Karen da halinsa ya sauya, yana dalalar da yawu yana cizon abin da ya tarar, kada a taɓa shi da sunan jinya, domin yana iya zama haukan kare ne. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti nan take. Mai kare kuma ya riƙa kai shi allurar rigakafi kowace shekara.

Muna roƙon limamai da malaman zaure su riƙa tunatar da manoma da mafarauta wannan amana. Allah Ya ji ƙanmu, Ya sa mu cikin masu jin ƙan bayinSa, amin.