Lissafin Aljabara da 'Ya'yan 'Yan Kasuwa a Kurmi

Hausawa sun daɗe da zama a biranen Fatakwal da Anacha da Inugu. Har ma wani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne ya fara riƙe muƙamin magajin garin Inugu. Yau jikokin waɗannan fatake suna makarantun sakandare na can, kuma duk wanda ke son shiga jami'a, galibi sai ya sami kiredit a lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO. A nan ne aljabara ke tare wa yara da dama hanya, watau lissafin da ake yi da haruffa.

Abin mamaki, rabin wannan darasi iyayensu na yin sa kullum da ka. A ce mota ta sauke wa wani ɗan kasuwa a Anacha buhu 40 na albasa da buhu 25 na wake, washegari ta ƙaro buhu 15 na albasa. Ba zai ce yana da buhu 80 ya yi shiru ba, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Zai ce albasa 55, wake 25. A allon makaranta ga yadda ake rubuta shi: 40a + 25w + 15a = 55a + 25w. Iri ɗaya kaɗai ake tarawa ko a ɗebe. Mai shanu a Gariki ta Inugu ma ba ya gama lissafin shanu da na awaki.

Wannan hikima tsohuwa ce. Wajen shekara ta 820, a Bagadaza, Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafi a kan "al-jabr" da "al-muƙabala", inda aka samo sunan aljabara. Muƙabala kuwa ita ce daidaita abubuwa iri ɗaya da ke ɓangarori biyu na lissafi.

Inda kasuwa ta daina taimako shi ne wajen 'yar ƙaramar lambar nan da ake ɗora wa harafi a kafaɗa. Ma'anar a³ ita ce a × a × a, ba a sau uku ba. Saboda haka in an ninka a³ da a², an jera a guda biyar ke nan, amsa a⁵: lambobin kafaɗa ake tarawa. In rabawa ne, ɗebewa ake yi: a⁵ ÷ a² = a³. In kuwa an rubuta (a³)², a³ ce sau kanta, amsa a⁶.

To, ga ramin da yara suke faɗawa. Yaro ya ga a² + a³, sai hannunsa ya yi sauri ya rubuta a⁵. Kuskure ne. Ko da yake harafinsu ɗaya, a² da a³ albasa da wake ne, ba su haɗuwa. Haka za a bar su. Har wa yau, x² + x² amsarsa 2x² ce, ba x⁴ ba.

Uban da bai yi boko ba ma yana iya kama wannan kuskure. Ya ce wa yaron ya cire harafin ya sa 2 a gurbinsa. Sai a² ta zama 4, a³ ta zama 8, jimla 12. Ita kuwa a⁵ sai ta ba da 32.